Akwatin da Babanku Bai Bayar Ba

Duk Kirsimetin da kuka taru a gidan nan sai ɗayanku ya tayar da zancen taurin kan babanku, ku yi ta dariya har wani ya ƙware da shinkafa. Ni ma nakan taya ku, don ba ƙarya kuke yi masa ba. Na zauna da Malam Yohanna tun haƙorana suna cike har suka fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai koya mini halinsa. Amma na lura, da zarar hira ta gangaro kan auren Rahila sai dariyar ta ɗauke, wannan ya tashi duba mota, wancan ya ce ana kiransa a waya. Bara kuwa, Bitrus, na ji ka da kunnena kana gaya wa matarka a bakin famfo cewa a wannan maganar Baba ya yi abin kunya. Na tambayi Rahila ko ta yarda in rubuta abin da ya faru, ta ce in rubuta, ita bakinta ba zai iya ba.

Jikokina da ba su riske shi ba suna jin ana cewa Kaka mai katako, sai su ɗauka kafinta ne. Akawu ne a wani ofishi a cikin jami'a, da biro da takarda ya ciyar da mu, ni kuma ina koyarwa a firamare. Aikin katako sha'awa ce kawai ta kama shi, kamar yadda wasu mazan suke kiwon tattabaru. Ya kafa wani ɗan ɗakin kwano a bayan gidanmu na Samaru, gindin mangwaron da aka sare yanzu, babu taga sai ƙofa. Ranar Asabar da safe zai hau mota ya nufi Sabon Gari wajen abokinsa Oga Emeka, wani kafinta mai shago kusa da masu sayar da katako, ya dawo da tsakar rana yana warin gumi da itace, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Daga nan sai ƙarar zarto har yamma. 'Yan jami'a da ke haya a gidan maƙwabta sun sha leƙowa ta katanga suna cewa Baba don Allah muna da jarabawa. Bai taɓa sayar da ko cokalin katako ba, duk abin da ya fito daga ɗakin nan kyauta ne.

Ba haka ya fara da tsanani ba. Abin farko da ya yi wanda za a kira abu, kujerar tsugunno ce ya yi wa mahaifiyarsa, lokacin tana zaune tare da mu, Bitrus yana goye. Ina tsaye a kansa na ga ƙafar kujerar ɗaya ta tsage wajen da ta shiga mazauni. Ya kwaɓa garin katako da gam ya cusa a tsagar, ya goge, ya shafa fenti, sai ga ta sumul. Na ce masa wannan za ta riƙe kuwa? Ya yi dariya.

"Ai ba ta kasuwa ba ce, Maman Bitrus. Ta Inna ce, ta gida."

Inna ta yi murna da kujerar nan, ta hana kowa zama a kai. Ba a daɗe ba, wata rana tana tuƙa tuwo ta jingina nauyinta gefe guda, ƙafar ta balle, ta faɗi ta ture tukunya, talge ya kwarara mata daga gwiwa har idon sawu. Ta yi jinya mai tsawo, tabon kuma da shi aka binne ta. Ko sau ɗaya ba ta ɗora masa laifi ba, cewa take yi katakon ne ba shi da kyau. Shi kuwa ya san abin da ke ƙarƙashin fentin. Ranar da muka dawo da ita daga asibiti na same shi a bayan gida riƙe da ƙafar kujerar yana juya ta a hannu, ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba:

"Katakon bai san kyauta ce ba. Ni na ce ta gida ce, shi bai ji ba."

Tun daga ranar babanku ya zama mutumin da kuka sani. In abu bai yi ba zai wargaza shi, ko da ya cinye masa wata guda. Na sha yi masa tsiya, in ce wanda ba a biyansa ma yana wannan wahala, ina ga in an biya shi. Amsarsa ɗaya ce kullum. Yakan ce kafintan kasuwa yana da abin da zai fake da shi, mai kaya yana tsaye a kansa, ga yara suna jiran abinci. Shi kuwa ba wanda ya aike shi, ba wanda yake korarsa, in ya yi aikin banza me zai ce ya hana shi? Kuma wanda ya sayi abu a kasuwa yakan ƙwanƙwasa ya jijjiga kafin ya ɗauka, amma wanda ka ba kyauta ba ya dubawa, godiya yake yi ya zauna a kai da dukan nauyinsa. A lokacin ina jin maganar kamar wa'azin da aka maimaita har an haddace. Sai da na tsufa na gane nauyinta.

Da kuka girma sai ya ɗora wa kansa wata al'ada da ba a san ta a danginsu ba: duk ɗan da zai yi aure, mace ko namiji, zai fita gidan nan da akwatin katakon maɗaci na hannun ubansa. Ba ya sa ƙusa a jikinsa ko ɗaya. Yakan yanka bakin kowane allo haƙora-haƙora, na wannan su shige tsakanin na wancan kamar yadda mutum yake sarƙe yatsunsa in zai yi addu'a. In ya gama haɗawa sai ya yi gwajinsa. Zai kunna tocila ya ajiye a cikin akwatin, ya rufe murfi, ya ja ƙofar ɗakin kwanon ya rufe, wurin ya yi duhu ko da rana tana tsaka. Sai ya zagaya akwatin a durƙushe yana duba kusurwa-kusurwa. In haske ya fito ko kamar zare ne, aikin bai yi ba, don a cewarsa inda haske ya samu hanyar fita, nan kyankyaso da danshi za su samu hanyar shiga. Bitrus, Hannatu, Dauda, kowannenku ya samu nasa, an nuna shi a gaban jama'a ranar da aka fito da kaya, kuma har yau ban ji wanda nasa ya buɗe baki ba.

Rahila kuwa kun san ba ni na haife ta ba, ko da yake sai na tsaya na yi tunani nake tuna haka. 'Yar ƙanensa Iliya ce, wanda ya rasu a haɗarin mota tare da matarsa, aka kawo mana ita tana tafiya tana faɗuwa. A cikinku duka ita kaɗai ce ba ta gudun ɗakin katakon. Ku in kun ji ya ce a zo a riƙe masa allo sai kowa ya tuna yana da aikin makaranta, ita kuwa a can take yini, gashinta fari fat da garin katako, ina wankewa ina faɗa. Ita ce mai kunna tocila ranar gwaji. Lokacin da aka yi na Hannatu, ita Rahila tana ƙaramar sakandare, na ji ta tana ce masa:

"Baba, nawa fa sai ya fi na kowa."

Ya ce, "Ke dai ki kawo mijin, ki ga aiki."

Ta kawo mijin a shekarar da babanku ya yi ritaya. Luka, yaro mai hankali, yana aiki a Fatakwal, can kuma zai tafi da ita. Aka sa rana bayan girbi. Malam ya je Sabon Gari ya zaɓo maɗacin da ya ce bai taɓa samun irinsa ba, ya jingine shi a inuwa ya ƙara bushewa. A wannan daminar ce na fara jin wata 'yar ƙara da safe in yana shan shayi, cokali yana bugun kofi shi kaɗai. Na duba, sai na ga hannunsa na dama yana rawa a kan tebur kamar ba nasa ba. Da ya ga na gani sai ya ɗora na hagu a kai ya ce sanyi ne.

Ya yi akwatin a ɓoye daga Rahila, wai kada ta ga nata kafin lokaci, don haka ni ya kira ranar gwaji. Na kunna tocilar na sa, ya rufe, ya ja ƙofa. Ban ma buƙaci durƙusawa ba. Haske ya fito ta kusurwa huɗun duka, har ina ganin ƙafafunsa a ƙasa. Na ji tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin aikinsa ya ba shi kunya haka ba tun kujerar Inna. Da ya buɗe ƙofa sai ya ɗauki akwatin ya kai lungu ya rufa masa buhu.

Na matsa masa muka je asibiti. Likita ya ce ciwon rawar jiki ne irin na tsufa, magani yana rage shi amma ba ya korarsa, kuma gaba zai yi, ba baya ba. A cikin keke-napep muna dawowa ya riƙe mini hannu, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba.

"Kada ki gaya wa yara tukuna. In Bitrus ya ji, gobe zai zo ya sa wa ɗakin kwado, ya ce zan yanke yatsa. Ki bari in gama na Rahila."

Bitrus, kada ka ji haushi, ka san abin da za ka yi ke nan, kuma don ƙauna za ka yi. Na yi masa alkawari. Ya sake sayo katako ya fara na biyu, yana sa hannun a aljihu duk lokacin da wani ya shigo gida. Na biyun ya fi na farko, amma da aka rufe ƙofa kusurwa biyu sun yi haske, ga biki saura 'yan makonni. Ni ce na ce mu kai wa Oga Emeka ya gani. Muka ɗora akwatin a mota har Sabon Gari, muka ratsa ta cikin masu kwanuka da masu taya, aka sauke shi a ƙofar shagon. Oga Emeka ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya sa farce a tsagar, ya yi dariya.

"Haba Oga Yohanna, wannan ne matsala? Kawo gam, kawo garin katako, kafin ka gama shan lemo na rufe shi. In na shafa mai, ko kai ba za ka gane wurin ba. Kowa haka yake yi, abeg."

Ba mugun mutum ba ne, taimako yake nufi, kuma a sana'arsa gaskiya ya faɗa. Ya ma ce in Malam ba ya son ciko, shi zai yanka masa haƙoran da kansa, Malam ya haɗa. Babanku ya yi masa godiya, ya ce a mayar da akwatin mota. Da muka iso gida na rufe ƙofar ɗaki na buɗe masa wuta, irin faɗan da ba mu taɓa yi a gabanku ba. Na ce yarinyar nan marainiya ce, idon dangin uwarta yana kanmu tun ranar da aka kawo ta, in ta fita ba akwati me za a ce? Na ce zannuwa za ta zuba a ciki, ba zama za ta yi a kai kusa da wuta ba. Na ce da babu gara ba daɗi.

Ya ce, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Na ce, "Karin magana za ta ɗauka ta tafi da shi Fatakwal?"

Ya ce, "Na Bitrus ba ciko. Na Hannatu ba ciko, na Dauda ba ciko. In na ba Rahila mai ciko na rufe da mai, mutane za su tafa, amma ni na san na ware ta. Ranar da zan nuna ba 'yata ba ce ke nan. Can kuma ƙasar ruwa ce, damina biyu cikon zai zube, ta gani da idonta."

Ni dai ban yarda ba. Na je kasuwa na sayo mata akwatin kanti mai taya, mafi kyawun da na samu. Ranar da aka fito da kaya tsakar gida, matan zumuntar coci suna ɗagawa suna guɗa, sai Inna Asabe, yayar mahaifiyar Rahila da ta zo daga ƙauye, ta waiga hagu ta waiga dama ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ina na katakon da ake ba 'ya'yan gida? Au, na manta. Riƙo dai riƙo ne."

Rahila ta tashi daga cikin ƙawayenta ta zagaya bayan gida, na bi ta. Babanku yana zaune a ƙofar ɗakin kwanon, ya ja ƙofar ya rufe, hannunsa a aljihu. Ta durƙusa a gabansa kamar yadda ta saba.

"Baba, nawa fa?"

"Bai yi ba tukuna, Rahila. In ya yi zan kawo miki da kaina."

"Ko yaya yake ina so. In gani kawai."

"Bai yi ba."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar da aka rufe, wadda ba a taɓa rufe mata ba tun tana 'yar ƙarama tana wasa a garin katako. Ta ce to, ta tashi. Da zai fitar da hannun nan daga aljihu ya nuna mata, da magana ta ƙare a wurin. Bai iya ba. Mutum ne da ya saba 'ya'yansa su gan shi a tsaye, kuma yana ganin saura ƙiris ya gama, ya kai mata, komai ya wuce. A nan ne nake cewa ya yi kuskure, kuma na faɗa masa tun yana da rai. Ƙin ba da aikin da bai yi ba daidai ne, amma bakinsa ba ya rawa, da ya yi amfani da shi.

Aka ɗaura aure a coci, aka tafi da ita. Tana kirana a waya kowane mako, amma sai na lura da wani abu. A da in za mu yi sallama takan ce ba Baba waya. Yanzu sai ta ce a gaida mutanen gida. Wata rana ma ta ce a gaida Malam. Yana zaune kusa da ni yana jin muryarta tana fitowa, ya miƙo hannu zai karɓa, ta riga ta kashe. Ya mayar da hannun kan cinyarsa ya ce ƙila kuɗin wayarta ne ya ƙare. Wannan abu ya ci mini rai fiye da maganar Inna Asabe, don ita Asabe baƙuwa ce, ta faɗi tata ta hau mota.

Kafin shekara ta zagayo ciwon ya wuce a ɓoye shi a aljihu, duk kun gani. Bitrus ya zo ya sa kwado kamar yadda aka yi tsammani, ni kuma da ya juya baya na ba babanku makullin, yau ka ji. Na kira Rahila na gaya mata hannunsa ne, kuma yana nan yana aikin akwatinta. Ta ce:

"Mama, ki ce ya huta. Wanda kika saya mini yana isata."

Na gane ta ɗauka ina gyara masa zance ne, irin na uwa mai rufa wa mijinta asiri. Ba ta zo Kirsimeti ba, ta ce hanya ba kyau.

Ku da kuke zuwa ku tafi ba ku ga yadda ya yi aikin nan ba, ni na gani. Ya lura in ya sha maganinsa da safe akwai ɗan lokacin da hannun yake lafawa, kafin rana ta ɗaga. Wannan ɗan lokacin kaɗai yake aiki. Yakan ɗaure tsintsiyar hannunsa da robar tayar keke a jikin teburin don ta rage motsi, ni in danne allon da dukan ƙarfina, shi kuma ya riƙa cire katakon kaɗan-kaɗan kamar mai fere ƙwarya. Haƙori ɗaya sai ya ci masa kwanaki. In hannun ya fizge ya ci wurin da bai kamata ba, ba ya zagi ba ya tsaki, sai ya ajiye ya ce gobe. Na uku ya fito da haske a kusurwa ɗaya, mai kauri. Na roƙe shi har da hawaye ya bari a aika da shi haka. Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce sai dai a daɗe ba a je ba, kuma ni da kai ba mu da daɗewar. Ya aiki Dauda Sabon Gari ya sayo katako na huɗu, Dauda yana ta gunaguni, a zatonsa benci za a yi wa coci.

Damina ta biyu bayan auren sanyi ya shiga ƙirjinsa. Ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Ranar da zai tafi, da hantsi, ina ba shi kunu a cokali ya kawar da kai ya ce:

"Kusurwa ɗaya ta rage, Maman Bitrus. Kaɗan ne. Kada ki bari a cika ta."

Na ce ba wanda zai taɓa. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba.

Rahila ta zo jana'iza da mijinta. Ta yi duk abin da 'ya take yi, ta dafa, ta raba, ta gaida masu gaisuwa, amma idonta a bushe, kuma ta tsaya a bayan layi lokacin da ake zuba ƙasa. Bayan an watse, kuna falo da baƙi, aka ce a mayar da bencinan da aka fitar daga ɗakin katako. Na gan ta ta ɗauki ɗaya ta nufi bayan gida, na ajiye abin da ke hannuna na bi ta da makulli. Na buɗe mata. Ta ajiye bencin, ta ga buhuna a jere a lungu, ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu. Akwati huɗu, girmansu ɗaya, kowanne an sassaƙa sunanta a murfi, na farko da rubutu miƙaƙƙe, na ƙarshe harufan suna karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

"Mama, na wane ne waɗannan?"

Na ce, "Karanta mana. Yayyenki ɗaya-ɗaya ya yi musu."

Ba ta tambaye ni abin da ya hana a ba ta ba. Ita ce mai tocila tun tana yarinya, ta san inda ake neman amsa. Ta kunna fitilar wayarta ta sa a na farko, ta rufe murfin, ta ja ƙofa. Haske ya fito ta ko'ina. Ta cire ta sa a na biyu, kusurwa biyu. Na uku, ɗaya. Ina jin numfashinta yana canzawa a cikin duhun. Da ta sa a na huɗu sai ɗakin ya yi baƙi ƙirin, har na ɗauka wayar ce ta mutu. Na ji ta durƙusa tana zagayawa da gwiwa kamar yadda yake yi. Can ƙasa, ta baya, ga wani ɗan haske siriri, bai kai kaurin zaren ɗinki ba, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba.

Ta ce, "Hannun yana ƙara lalacewa ne, ko yana samun sauƙi?"

Na ce, "Ƙara lalacewa. A na ƙarshen nan ko maɓallin rigarsa ni nake sa masa."

Sai ta kifa goshinta a kan murfin. Kukan da ba ta yi a maƙabarta ba ta yi shi a nan, tana kiran Baba, Baba, sunan da ya yi kusan shekara biyu yana jira a bakin waya. Na zauna a ƙasa kusa da ita na bar ta ta yi. Ni ma na yi nawa, har da na haushinsa, don da ya ji wannan kiran da kunnensa in da ya sassauta wa kansa ya buɗe baki.

To ga abin da nake so ku riƙe, ku da 'ya'yanku, musamman 'yar Hannatu da ta kawo mini jakar duwatsun adon da ta saƙa da hutu, hannun jakar yana lilo, ta ce ai ta wasa ce Kaka. Na karɓa na gode, amma na ce ta zauna ta warware hannun ta sake, ta yi ta kumbura. Abin da mutum ya yi don sha'awa ya ba wani, ba abin da ke cikinsa sai kulawar da ya zuba, in ya rage ta me ya bayar? Da babanku ya bi shawarata da ta Oga Emeka, da an tafa ranar biki, da mun huta da baƙin ciki mai yawa, wannan ban musa ba. Amma da yau abin da Rahila take da shi akwati ne da cikonsa ya zube, da tambayar da ba mai amsa mata.

Washegarin ranar da Rahila ta ga akwatunan, Oga Emeka ya zo gaisuwa, ya ga ana ɗaure akwatin na huɗu a bayan motar Luka. Ya sunkuya ya duba kusurwar, ya girgiza kai, ya share ido da bayan hannu. Ya ce da Rahila in ta ba shi lokaci kaɗan zai rufe mata wurin, ba zai karɓi komai ba, don abokinsa. Ta ɗora tafin hannunta a kan kusurwar ta rufe.

"Na gode, Oga. A bar shi yadda yake. Nan Babana ya tsaya."